Gem Ɗin Girki da Sayar da Abinci: Lokaci Yake Koya wa Yaranmu Tsarawa, ko Cinye Shi Yake Yi?

A gidaje da dama cikin garin Birnin Gwari, da zarar an taso daga Islamiyya da yamma, wayar uwa ta tashi daga ta uwa. Yara ne ke layi a kanta. Maza sun fi son gem ɗin ƙwallo da tseren mota, su kuwa 'yan mata, tun daga masu shekara bakwai har 'yan sakandare, gem ɗin girki da sayar da abinci ne ya fi tafiya da hankalinsu. Sai ki ga yarinya ta tsura wa waya ido, yatsu biyu na ta kai-komo, ki aike ta ta roƙe ki ki ɗan dakata kada kwastomanta ya yi fushi ya tafi. Mu iyayen ma ba a bar mu a baya ba, akwai masu buga nasu bayan kowa ya kwanta.

Masu ƙera irin waɗannan wasanni suna kiransu wasannin tsara lokaci, kuma da wannan suna suke kwantar wa iyaye hankali. Uwa ta ji an ce 'yarta na koyon kasuwanci da iya raba lokaci, sai ta sakar mata waya da zuciya ɗaya. To, uwargida, akwai gaskiya a maganar, amma ba ta kai yadda ake faɗa ba. Gem yana koyar da wani ɗan abu guda, yana kuma koyar da shi da kyau. Sai dai abin ba ya fitowa daga cikin waya ya shiga kicin da ƙafarsa, sai an fito da shi, kuma ba mai fito da shi sai ke.

Sai mutum ya san halin da yankin nan ya shiga kafin ya ga laifin uwar da ta miƙa wa 'yarta waya da hannunta. Birnin Gwari na yammacin jihar Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, dazuzzuka sun kewaye ta, ciki har da gandun dajin Kamuku da dajin Kuyambana. Dajin da iyayenmu ke shiga neman itace da kaɗanya da zuma ya zama mafakar 'yan bindiga sama da shekara goma. An yi lokacin da hanyar Kaduna ta Buruku ba ta biyuwa sai da rakiyar jami'an tsaro. A watan Maris na 2021 aka shiga makarantar firamare ta ƙauyen Rama aka tafi da malamai uku. A Maris na 2024 kuma aka kwashe ɗalibai sama da ɗari a Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Chikun da ke makwabtaka da mu. Uwar da ta ji waɗannan labarai ba za ta bar 'yarta ta tafi dandali gaɗa da farin wata ba. 'Yar gala-gala da carafke suka koma tsakar gida, wasan dare ya mutu, yaro kuwa ba ya zama haka nan. Abin da ya cike gurbin shi ne waya.

Wani abin da na lura da shi: a ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, har da tamu, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. Wata biyu babu kira, babu WhatsApp, babu Facebook. Waya ta zama tocila da akwatin kallo. A wannan tsakanin ne wasannin da ba sa buƙatar data suka bazu, ana karɓowa wajen masu caji da tura finafinai, ana tura wa juna ta Xender. Alhamdu lillahi yanzu an samu sauƙi, tun bayan sulhun da aka yi har Gwamna Uba Sani ya zo a Nuwamba na 2024 ya sake buɗe kasuwar kara bayan shekarun da ta yi a rufe. Amma ɗabi'ar da yaro ya tashi da ita a shekarun zaman gida ba ta barinsa don an buɗe kasuwa.

Su waɗannan wasanni ba yau aka fara su ba. Tun a 1973 aka yi wani mai suna Lemonade Stand a jihar Minnesota ta Amurka, don 'yan makaranta. Yaro ne mai teburin sayar da lemo: ya duba yanayin gari, ya yanke kofi nawa zai haɗa, nawa zai sayar, nawa zai kashe a talla. In ya haɗa da yawa aka wuni ana ruwa, ya yi asara. Duk mai sayar da zoɓo ko kunun aya ta san wannan lissafin ba tare da kwamfuta ba. A 2004 aka fito da Diner Dash, labarin wata mata Flo da ta ajiye aikin ofis ta buɗe gidan abinci, kuma shi ne ya zama uban wannan dangi. Sai Hay Day a 2012, na kamfanin Supercell da ke ƙasar Finlan, inda ake noma da kiwo a sayar. Cooking Fever, wanda yara suka fi sani a nan, ya fito a 2014 daga kamfanin Nordcurrent na ƙasar Lituweniya.

Tsarinsu kusan ɗaya ne. Masu saye na zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da hoton abin da yake so a saman kansa, da kuma wata alama ta haƙurinsa da ke raguwa a hankali. Ki ɗora nama a kasko, in kin daɗe ya ƙone. Ki sallami mutum da wuri ya ƙara miki tukuici, ki bar shi ya gaji ya tafi da kuɗinsa. Kuɗin da kika tara ki sayi kasko na biyu, ko injin da ya fi sauri, ko ƙarin kujeru, sai a buɗe miki mataki na gaba inda jama'a suka fi yawa.

Ki zauna kusa da yarinyar da ta ƙware ki kalli hannunta, za ki ga abin da nake cewa ta koya. Ba ta jiran a nema kafin ta ɗora abin da ya fi daɗewa a wuta. Tana haɗa ayyuka iri ɗaya ta yi su a tare, ba ta kai kofi ɗaya ta dawo ta ɗauki wani ba (a Diner Dash har ƙarin maki ake bayarwa kan haka). Tana amfani da ɗan shirun da ake samu kafin jama'a su taso ta cika abin da ya ƙare. In kuɗi suka shigo kuma tana tsayawa ta yi tunani: kasko zan ƙara ko ado zan yi wa shago? Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga 'yar shekara tara. Shi ne dai ilimin mai masa da ke jiƙa shinkafa tun jiya, da mai ƙosai da ke surfa wake ta kai niƙa kafin gari ya waye, da mai awara da ta san in ba ta tace da wuri ba 'yan makaranta za su wuce ba ta soya ba. Gem ya ba yarinya damar ta ƙona nama sau hamsin ba tare da an yi asarar ko sisi ba, ba kuma wanda ya ɗaga mata murya. A kicin na gaske wannan dama ba ta samuwa, da tsadar mai da wake a yanzu.

Amma a nan aikina ke sa ni in ja da baya. A gem, wanda za ki fara sallama shi ne wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa, wanda alamarsa ta yi ja. Wato hannu na koyon bin mai hayaniya. A ɗakin marasa lafiya abin da ake fara koya mana kishiyar haka ne. Mutumin da ya cika asibiti da ihu saboda yankan wuƙa a yatsa yana numfashi lafiya, shi ya sa ma yake da ƙarfin ihun. Jaririn da ya yi shiru a bayan uwarsa, ido ya faɗa, ya daina kama nono bayan kwana biyu yana gudawa, shi ne wanda minti goma ke iya rabawa da duniya. Ma'aikaciyar jinyar da ta bi hayaniya ta bar mai shiru ba ta san aikinta ba, komai saurin hannunta. Gida ma haka yake. Baƙuwa na sallama, waya na ƙara, tukunya na tafasa, duk suna kira da ƙarfi. Karatun jarabawar da za a yi nan da mako uku ba ya kira. Allurar rigakafin jariri ba ta kira, awon ciki ba ya kira, kuɗin adashi da za a ware ba ya kira. Rabin tsara lokaci shi ne tuna abin da ba ya kira, kuma a cikin wasannin da na gani babu wanda ya ɗora yaro a kan wannan.

Akwai kuma tambayar ko ƙwarewar da aka samu a waya tana bin mutum waje. A 2010 wani masani Adrian Owen da abokan aikinsa, tare da BBC, sun gwada mutum 11,430 na tsawon mako shida da wasannin da ake cewa suna wasa ƙwaƙwalwa, aka buga sakamakon a mujallar Nature. Mutanen sun ƙware ƙwarai a wasannin da suka yi ta bugawa. Da aka ba su wasu gwaje-gwaje dabam, ba su fi waɗanda ba su buga ba. Manya aka gwada, kuma ba gem ɗin girki ba ne, amma darasin ya shafe mu: wanda ya daɗe yana buga gem, a gem ɗin yake ƙwarewa. A 2016 ma hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda ya tallata wasanninsa da alƙawarin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa a makaranta da wurin aiki ba tare da hujja ba. Don haka kada ki yi mamaki in 'yarki ta kai mataki na ɗari a Cooking Fever amma kullum sai ta makara a makaranta.

Sai babbar magana, wadda masu gem ba sa rubutawa a talla. Kyauta ake sauke yawancinsu, to da me kamfani ke cin abinci? Da lokacin yaronki. A Hay Day alkama na nuna cikin minti biyu, masara cikin minti biyar. (Mu da muke ƙasar masara mun san wata uku zuwa huɗu ake jira, ban da taki da ciyawa, ban da shekarun da sai manomi ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa.) Da farko komai na zuwa da sauri, yaro ya ji daɗi. Da an yi nisa sai jira ya koma na awoyi, waya ta riƙa ƙara tana sanar da cewa kaya sun nuna, a zo a girbe. Wasu kuma suna ba da kyauta kullum ga wanda ya leƙo, in ya yi fashi ya rasa. In jiran ya ishe ka, ga lu'ulu'u na sayarwa da kuɗin gaske da zai tsallakar da kai, ko ka kalli talla ta daƙiƙa talatin a ba ka ɗan kaɗan. Wanda ya ce zai koya maka haƙuri shi ne kuma ya kafa teburin sayar da hanyar tsallake haƙurin. A ƙarshe gem ne ke tsara wa yarinya wuninta, shi ke faɗa mata lokacin da za ta ajiye tsintsiya ta zo.

Kuɗi ma suna tafiya. A 2014 an tilasta wa kamfanin Apple maido wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19, na sayayyar da yara suka yi cikin wasanni ba da sanin iyaye ba. A nan wayar da yarinya ke gem da ita, ita ce mai manhajar banki ko OPay ko Moniepoint da uwa ke karɓar kuɗin cinikinta. In kin taɓa saka katinki a Play Store, ki shiga saitin ki sa a riƙa neman lambar sirri kafin kowace sayayya, kuma kada yaro ya san lambar. Tallar da ke faɗowa kuwa ba ta san yaro ne ke riƙe da waya ba: ta caca na zuwa, ta masu ba da bashi na zuwa, da wadda ba za ki so a gani a gidanki ba. In gem ɗin na tafiya ba data, ki kashe data kafin ki miƙa, yawancin tallar sai ta ɗauke. Wanda ba ya buɗuwa sai da data, kamar Hay Day, ni ban ga dalilin barinsa a hannun ɗan firamare ba. Yawancin wayoyinmu, su Tecno da Infinix, suna da wurin da ake saka wa kowace manhaja iyakar mintuna a rana, in lokaci ya cika ta rufe da kanta, a huta da gardama.

Ta fuskar lafiya ba zan tsawaita ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kada a zaunar da shi gaban allo sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a wuni. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Ki lissafa da kanki: yarinyar da za ta tashi da asuba ta yi shara ta tafi makaranta, in tana ƙarƙashin bargo da waya har sha ɗaya na dare, ina awa taran? Iyaye kan kawo mana yara da ciwon kai da kasala da barci a aji, a duba jini ba zazzaɓi, sai an tambayi lokacin kwanciya a gano bakin zaren. Hukumar ta kuma sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka, amma da sharaɗi mai nauyi: mutum ya kasa tsayawa, gem ya ture sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Kaɗan ne ke kaiwa nan. Kada ki ɗora wa 'yarki sunan cuta don ta yi kukan an karɓe waya.

To yaya ake fito da abin da ta koya? Hanyar tana gidajenmu tun kafin a ƙera waya. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu kan abin da ta kira ɓoyayyen kasuwanci: cinikin da matan aure ke yi daga cikin gida, hatsi da ƙuli-ƙuli da mai da dafaffen abinci, yara na kai-komo tsakanin gida da gida. Makarantar kasuwancin 'ya mace Bahaushiya ke nan tun fil azal. Ba ina kiran a mayar da yara talla a titi ba ne, balle a garin da aka san abin da aka sani, kuma na ga isassun 'yan talla da aka kawo asibiti da abin da ba ya faɗuwa. Ɓangaren cikin gida nake nufi, na tsari da lissafi, wanda sau da yawa uwa ke riƙewa a kanta ta bar wa yarinya aike kawai.

Ki ba ta safiyar Asabar guda. Kafin a kunna wuta ki tambaye ta kamar yadda take tambayar kanta a gem: me ya fi daɗewa, me za a fara ɗorawa, me za a yi kafin ya nuna? Ki bar ta ta faɗa, ko da ba daidai ba ne, in dai ba ɓarna mai yawa za a yi ba. In kina sana'a, ki ba ta littafi ta rubuta jarin mudu ɗaya na wake: kuɗin waken, niƙa, mai, albasa da tattasai, itace ko gawayi, leda. Da yamma ku ƙirga tare. A nan za ta gamu da abubuwan da babu su a waya. A gem ba wanda ke cin bashi, a unguwa kuwa maƙwabciya za ta aiko yaro a ba ta na ɗari biyar sai maigida ya dawo, kuma sai an san yadda za a amsa ba a ɓata zumunci ba. A gem farashin mai ba ya tashi tsakanin safe da yamma, mai niƙa ba ya cewa inji ya lalace, ba a rasa canji. Waɗanda suka yi sana'a a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sun san akwai ranar da ga kaya ga masu saye amma ba kuɗi a hannun kowa. Kuma kada a ware maza. Yaron da ya iya tsara tseren mota zai iya tsara ɗibar ruwa da guga da aikin makaranta kafin magariba.

Wani aikin da na ga yana karɓar irin waɗannan yara shi ne riƙe agogon magani. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sha shida ne cikin kwana uku: na biyu awa takwas bayan na farko, sannan safe da dare a sauran kwana biyun. Nan ne iyaye da yawa ke kuskurewa, musamman in jiki ya yi sanyi a kwana na biyu sai a manta da ragowar. Yarinyar da ta saba lura da kasko huɗu a lokaci guda, ki sa ta lissafa awa takwas ɗin, ta saita ƙararrawa a waya, ta zana layi shida a takarda tana sokewa. Ita ce mai tuni, ke ce mai ba da maganin da hannunki. Wannan shi ne abin da ba ya kira da na ambata, ga shi an sa ta ta zama muryarsa.

Abin da ke ɗan ci mini rai shi ne abincin da ke cikin wasannin. Yarinyar da ba ta taɓa ganin boga ko fiza da idonta ba ta haddace yadda ake jera su, duk bayanin kuma da Turanci, sai dai ta bi hoto. An fara samun canji daga Legas: kamfanin Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú: Rising Chef a 2024, inda ake girka abincin Najeriya irin su shinkafa jalof. Na Kudu ne dai, amma aƙalla tukunyar ta gida ce. Saura wanda zai yi mana na mai masa a bakin tasha ranar kasuwa, da tanda mai gurbi goma sha biyu, da direban da ke sauri, da kwastoman da zai ce a rubuta.